Jan Zabibin Hajiya

A ƙarshen daminar bara masassara ta kwantar da Hajiya, uwar 'ya'yana, sama da mako biyu. Masassarar ta tafi, amma ta tafi da cin abincinta. Matar da na sani shekara arba'in da ɗoriya tana gama tuwo ta zauna ta ci rabonta har da ƙanzo, sai ga shi cokali biyu na koko ya ishe ta, ta ture kwanon ta juya fuska bango. Tafin hannunta ya yi fari. Idan ta tashi za ta yi alwala sai ta dafa ginshiƙin rumfa ta tsaya, kamar mai tuna wani abu.

Na kai ta likita, asibitin garinmu. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya ja fatar idonta ƙasa ya duba, ya ce jini ya yi ƙasa sosai. Ya rubuta ƙwayoyi, sannan ya dube ni ya ce, "Alhaji, ƙwayar nan taimako ce kawai. Idan ba ta ci abinci ba, za ku dawo mini da ita a kwance." Da wannan maganar na dawo gida, kuma ita ce ta zauna mini a rai tsawon watan.

Autarmu tana aure a Faransa, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Da ta ji labari a waya ba ta yi doguwar magana ba, ta ce akwai abin da za ta aiko. Wani ɗan ƙasarmu da zai dawo gida ya ɗauko saƙon zuwa Yamai, motar haya ta kawo shi Damagaram, daga can direban taksi ya sauke mini shi a tashar Matameye ranar kasuwa da hantsi, kwali ya sha ɗauri da leda har ba a ganin rubutunsa. A ciki akwai turmin atamfa, da man zafi, da wata jaka mai kauri, cike da wasu busassun 'ya'yan itace jajaye, kowane bai kai ƙwayar wake ba, sun yi yamutse-yamutse.

Ina ganinsu na gane su. Goji ake ce musu. Na yi shekaru ina tuƙin babbar mota tsakanin nan da Kwatano da Lome, daga baya na koma sayen kayan gyaran mota, abin da ya kai ni Dubai, ya kai ni China sau huɗu. A can na fara ganin 'ya'yan nan. Mai shagon da nake sayen kaya wurinsa yana da wata kwalba ta ruwan zafi da ba ya rabuwa da ita, kullum da jajayen nan suna yawo a ciki. A gidan abincin Musulmin can kuma na tarar da su a cikin romon kaza, suna iyo a sama. Na tambayi mai shagon da Turancinmu na kasuwa, nasa a karye nawa a karye, ya nuna idonsa, ya nuna bayansa, ya ɗaga babban yatsa. Iyakar karatun da na yi a kansu ke nan.

Lokacin da na buɗe jakar a tsakar gida, taubashiyata tana nan ta zo dubiya. 'Yar kawuna ce, gidanta yana jikin namu, kuma tun muna yara ba ta taɓa barin maganata ta wuce ba tare da ta ɗora mata wani abu ba. Ta ɗebi kaɗan a tafin hannu, ta shinshina, ta miƙa wa Hajiya da ke kishingiɗe a tabarma.

"Barkono ne aka cire wa hanci," in ji ta.

"Ba barkono ba ne."

"To kauɗar tumatir ce ta yara."

Na ce ta ɗanɗana. Ta tauna ɗaya tana yamutsa fuska tun kafin ta ji komai, sannan ta ce zabibi ne irin na Makka, sai dai an yi masa rini, kuma mai shi ya yi rowar sukari. Daga ranar sunan ya bi shi, duk unguwa jan zabibi ake cewa.

"To Baturen gidanmu," ta ce, "kai da ka zaga duniya, abin nan abinci ne ko magani?"

Na gyara zama. Abin da na yi ke nan da har yanzu nake tunawa da shi. Maimakon in amsa da kalma ɗaya, sai na ɗauko jakar na juya bayanta na fara karanta musu rubutun Faransanci ina fassarawa. An jera abubuwan da ke cikinsa a kowane giram ɗari: sinadarin da ke ƙara jini, bitamin mai taimakon ido, bitamin irin na lemo, da abin da ke gina jiki, da harzar da ke sa ciki ya yi aiki, da sukari mai ɗan yawa. Na ba su labarin kwalbar mai shago da romon kaza. Na ce a can tsoho da yaro kowa yana ci, a shayi, a miya, a kunun shinkafa, wasu ma haka nan suke watsawa a baki kamar yadda muke yi da aya.

Da na gama sai Hajiya ta ce a hankali, "Ashe tsaraba ce."

Na ce, "Eh to, kusan haka." Na tashi na tafi masallaci ina jin daɗin na yi bayani mai kyau.

Kwana uku bayan haka na ɗaga jakar don in zuba mata a koko, na ji ta yi sauƙi a hannu. Na yi murna. Na ce, "Hajiya, ashe kina ci?"

"Na ci biyu shekaranjiya. Suna maƙale mini a haƙori."

"To ina sauran?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ina rana take fitowa. Duk matar da ta shigo dubiya tun ranar da kwalin ya iso, Hajiya ta sa an ɗebar mata. Matar liman ta samu, matar mahauci ta samu, surukar ƙanena da ta zo daga Yauri ta samu, tsohuwar da ke sayar da daddawa a bakin hanya ta samu. Kuma ba a leda ba. Hajiya ta ce leda ta mai shago ce, tsarabar 'yarta daga Turai ba za ta fita gidan nan a ƙunshe kamar gishiri ba. Ƙananan kwanonin samira masu murfi da ta jera a kabad tun auren babbar 'yarmu, su ta riƙa sa taubashiyata tana saukowa da su ɗaya bayan ɗaya. Na leƙa ɗakin, na ga kabad ya yi giɓi kamar bakin tsoho.

Na ce mata abin nan dominta aka aiko shi, don jininta.

"Kai ka ce abinci ne," in ji ta. "Abinci ya zo daga tafiya, mutane suna shigowa suna ganinsa, in ɓoye? Su fita su ce me?"

A nan na gane inda na yi kuskure, ko kuma na ɗauka na gane. A garinmu magani ba a raba shi. Ba wanda zai zo dubiya ya sa ran a ɗebar masa ƙwayar mara lafiya. Amma tsaraba haƙƙin maƙwabta ce. Da na ce magani ne tun farko, da jakar tana nan cike a ƙarƙashin matashinta. Sai na yi sauri na juya magana.

"To, gaskiya, idan aka duba da kyau, magani ne."

"Shekaranjiya abinci, yau magani."

"Duka biyun ne."

"Babu duka biyu, Alhaji. In magani ne, sau nawa a rana? Kafin a ci abinci ko bayan an ci? Guda nawa? Me yake hanawa? Ana shan nono a kansa? Yana jituwa da ƙwayar majo, ko faɗa za su yi a cikina?"

Na sake juya jakar. Na karanta Faransancin, na karanta Turancin da ke ƙasansa, har Larabci akwai layi biyu, na karanta. Harsuna uku da na iya, babu wanda ya ce sau nawa a rana. Abin da na samu kawai shi ne a ajiye a wuri mai sanyi marar danshi. Rubutun China ne kaɗai ya rage, shi kuma ko a can ban taɓa iya bambanta kansa da ƙafarsa ba. Na tsaya ina kallonsa, ina zargin amsar tana cikinsa.

Hajiya ta ce maganin da ba shi da ƙa'ida ba za ta sha ba. Ta ce ko mai tallar sassaƙe a kasuwa yana gaya maka ka jiƙa da jar kanwa ka sha safe da yamma. Idan kuwa abinci ne, ita ba ta jin cin abinci, kuma akwai gidajen da ba su samu ba. Ta ko'ina na biyo, sai in tarar ta riga ni tsayawa a wurin.

Washegari na ɗebi kaɗan a aljihu na koma wurin majo. Na zuba masa a tebur, na ba shi jakar da na juye ragowar a gwangwani don in zo da ita. Ya karanta, ya ɗanɗana ɗaya, ya ce ya taɓa jin labarinsa. Ya ce abin da aka rubuta ba ƙarya ba ne, 'ya'yan itace ne masu amfani, kuma tunda Hajiya ba ta shan maganin tsinka jini, ba ta da ciwon sukari, ɗan cikin tafin hannu a rana ba zai cuce ta ba. Na ce to in gaya mata magani ne ke nan.

"A'a, abinci ne."

"Amma yana ƙara jini."

"Hanta ma tana ƙarawa, Alhaji. Wake ma, zogale ma. Ka taɓa kiran wake magani?"

Na ce ban taɓa ba. Na tambaye shi to me ya sa ake ɗauko wannan daga China a kai Faransa, daga Faransa a kawo Matameye, idan zogalen bayan gidana zai yi aikin. Ya yi dariya ya ce wannan tambayar ni ya kamata in amsa masa, ni da na je can. Na kwashe 'ya'yana na mayar aljihu, na fito da ruɗun da ya fi wanda na shiga da shi.

A hanya na yi ta tunanin abin. A ƙasashen da na zaga na ga mutane suna girmama abin da ya zo daga nesa. A wani shago a Dubai na taɓa ganin garin kuka a cikin kwalba mai kyau, da rubutu a jiki irin wannan na jakar, an jera amfaninsa layi-layi, har na ɗauka wata kukar ce daban ba tamu ba. Ga magarya da kanya da ɗinya da aduwa da muka taso muna ci a daji, ba wanda ya taɓa juya bayansu ya karanta mana abin da ke ciki. Ko suna da abin da jan zabibi yake da shi, ko sun fi shi, ko ba su kai shi ba, ban sani ba. Abin da na sani, Hajiya ba ta cin ko ɗaya daga cikinsu.

Da yammacin ranar autar ta kira. "Baba, Inna tana cin abin?"

Na ce, "Jakar ta yi ƙasa sosai."

Ta yi hamdala. Ni dai ban yi ƙarya ba kuma ban faɗi gaskiya ba, ga uwarta kwance a gabana ta sha cokali uku na fura tun safe.

Daga nan labarai suka fara dawowa. Abokina tela, wanda muke zama a inuwar shagonsa bayan la'asar, ya ce matarsa ta daka nata da ƙuli da citta ta yi yaji, ya ci tsire da shi, ya ce in gaya wa mutanen China barkononsu ya mutu tun a gona. Matar liman ta zuba nata a miyar kuɓewa, miya ta yi zaƙi, liman ya ci, ya tashi ya nemi fura. Wani manomi daga Kurni da matarsa ta kai masa, ya jiƙa su ya fitar da ƙananan irin da ke ciki ya shuka a bakin rijiya, yana aiko mini da tambaya kwana nawa suke yi kafin su tsiro. Kowa ni yake tambaya. Ni ne wanda ya je China. Na riƙa amsawa da "ya danganta", har tela ya fara kirana da haka.

Ranar da ta cika mako da rabon, ina zaune a zaure da hantsi sai ga matar mahauci ta yi sallama ta wuce ciki, riƙe da ɗaya daga cikin kwanonin Hajiya a naɗe da ƙyalle. Ban kula ba. Can sai na ji ƙamshi. Na shiga na tarar an buɗe kwanon a gaban Hajiya, cike da hanta gasasshiya da albasa, tana tururi.

Shekara arba'in ina cikin gidan nan, na san kwano ba ya komawa gidan mai shi wayam, amma sanin da namiji yake yi wa irin wannan abu, daga nesa. Ban taɓa haɗa shi da kabad ɗin da ya yi giɓi ba.

Hajiya ta yi godiya ta ce a rufe, za ta ci an jima. Matar mahauci ta gyara zama ta ce ba inda za ta, mijinta ya ce kada ta dawo sai ta ga an ci, don shi da kansa ya zaɓi hantar. Hajiya ta ɗauki yanka ɗaya don kunya. Ta tauna a hankali. Ta ɗauki na biyu. Ni kuwa na koma zaure da sauri, don na san idan ta ga ina kallo za ta ajiye.

Bayan azahar kwanon matar liman ya dawo da dafaffen ƙwan zabi. Washegari na tsohuwa mai daddawa ya zo da ɗanwake. Daga Yauri aka aiko da nata cike da kindirmo, an ɗaure murfin da tsumma. Wasu Hajiya ta ci, wasu ta ɗanɗana kawai, amma ko wanne sai ta sa a baki, don ta ce ba za ta aika da godiya a kan abin da ba ta san ɗanɗanonsa ba, in an tambaye ta gishiri ya ji ta ce me.

Na taubashiyata ne ya zo ƙarshe, duk da gidanta ya fi kusa. Kwaɗon zogale ne. Hajiya ta ci loma biyu ta ajiye.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni mana, Yaya."

"Ƙulin kika manta, ko tsada ya yi?"

"Ji mara lafiya da baki. In kin iya ki tashi ki yi naki."

"Ɗauko mini turmi."

Ba ta iya dakan ba ranar, taubashiyar ce ta daka tana mita, Hajiya na zaune a kujera 'yar tsugunne tana ba da umarni, a ƙara wannan, a rage wancan. Amma ta cinye abin da aka kwaɗa, har ta sa yatsa ta share kwanon. Ranar ce na fara ganin ta tashi alwala ba ta dafa ginshiƙi ba.

Bayan wata ɗaya muka koma likita. Majo ya ja fatar idonta, ya duba tafin hannunta, ya ce alhamdu lillahi, jini ya dawo hanya. Ya tambaye ni ko jan abin nan ne. Ƙwayarsa ta sha, wannan gaskiya ne. Hanta da ƙwai da wake da zogale ta ci, su ma gaskiya ne. Jan zabibi kuwa, iyakar abin da ya shiga cikinta biyun nan ne da suka maƙale mata a haƙori. Amma da bai zo ba, da kwanonin ba su fita ba. Kuma da na ce magani ne tun ranar farko, kamar yadda na yi ta cizon yatsa ban faɗa ba, da yana nan a ƙarƙashin matashi, ita kuma Allah kaɗai ya san inda take. Na ce wa majo, "Ya danganta."

Da autar ta kira a ƙarshen makon, ta ji muryar uwarta ta yi ƙarfi, sai ta ce za ta aiko da jaka biyu manya, tunda abin ya karɓe ta. Na karɓi wayar na fita zaure na gaya mata komai, tun daga bayanin da na yi a tsakar gida har zuwa yajin tela.

"Baba, guda biyu ta ci?"

"Biyu."

"To in aiko ko kada in aiko?"

Na koma ciki na miƙa wa Hajiya wayar. Ta saurara, sannan ta ce, "Ki aiko mana, 'yar nan. Gidan mai unguwa ba su samu ba, ga mutanen Kance ko labari ba su ji ba." Ta ƙara da cewa, "In da hali ki haɗo da ƙananan kwanoni, nawa biyu ba su dawo ba."

Ɗan abin da na juye a gwangwani ranar da na je wurin majo yana nan a zaure. Kowace safiya ina jefa huɗu ko biyar a shayina, kamar mai shagon nan na China, ina kallonsu suna kumbura suna tasowa sama. Jiya taubashiyata ta leƙo ta same ni a kai, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baturen gidanmu, karin kumallo kake ko shan magani?"

Na ce ta wuce ciki, Hajiya na jiranta, tuwo ake tuƙawa.